Farfela: sandar da ake mantawa da ita a ƙarƙashin tsofaffin motoci masu gudu

A watan Agustan shekarar 1983, kamfanin Mercedes-Benz na ƙasar Jamus ya kai wasu motoci uku filin gwaji na Nardo da ke kudancin Italiya, inda direbobi suka yi ta karɓa-karɓa suna zagayawa da su dare da rana. A wannan gwaji ne aka kafa tarihin cin kilomita 50,000 cikin sa'o'i 201 da minti 39, wato kusan kilomita 248 ke nan a kowace sa'a.

Motar da aka yi wannan bajinta da ita ita ce 190E 2.3-16, 'yar'uwar Marsandi 190 ɗin nan da aka sani a titunan Kano da Kaduna da Maraɗi da Yamai. Bambancinsu shi ne injinta mai bawul 16, wanda kamfanin Cosworth na Ingila ya ƙera masa kai, yana ba da ƙarfin doki 185. A watan Mayun 1984 kuma wani matashin direba ɗan ƙasar Brazil, Ayrton Senna, ya lashe tseren buɗe sabon filin Nürburgring a cikin irin wannan mota, inda ya sha gaban Niki Lauda.

An daina ƙera Marsandi 190 tun shekarar 1993, saboda haka ko autar cikinsu ta haura shekaru 30 a duniya. Masu sha'awar farfaɗo da irin waɗannan motoci kan kashe kuɗi mai yawa a kan inji da fenti da kujeru. Sai dai akwai wata sanda da ke kwance a ƙarƙashin motar, wadda duk ƙarfin injin ta jikinta yake bi kafin ya kai ga tayoyi, kuma ba kasafai ake tunawa da ita ba sai ranar da ta fara kuka. Ita ce makanikai ke kira farfela.

Tambayar da ke fuskantar mai irin wannan mota a wannan rana ita ce: a mayar da farfelar yadda kamfani ya yi ta, ko kuwa a sauya ta da ta zamani, ta alminiyum ko ta zaren kabon?

Aikin farfela

A motar da injinta ke gaba amma tayoyin baya ne ke tura ta, dole a sami abin da zai ɗauki juyi daga akwatin giya ya kai shi akwatin haƙoran da ke tsakanin tayoyin baya, wanda shi ke raba ƙarfin zuwa hagu da dama. Wannan shi ne aikin farfela. Kada a haɗa ta da gajerun sandunan nan biyu da ke fita daga akwatin baya zuwa kowace taya, waɗanda aka fi sani da shaf. Su ma suna da nasu matsalolin, amma ba su ne abin magana a nan ba.

Ita dai farfela bututu ce ta ƙarfe, cikinta babu komai, kuma nauyi iri biyu take ɗauka.

Na farko shi ne murɗa. Giyar farko ta 190E 2.3-16 tana ninka ƙarfin murɗawar inji kimanin sau huɗu, saboda haka lokacin da farfela ta fi shan wuya shi ne sa'ad da direba ya saki kuloci da ƙarfi daga tsaye.

Na biyu shi ne saurin juyi. Farfela na juyawa kimanin sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan irin wannan mota tana gudun kilomita 120 a sa'a, farfelarta na juyawa kusan sau 3,200 a minti guda. Idan ta kai kilomita 200, juyin kan haura 5,000, wato kusan sau 90 a daƙiƙa ɗaya. A irin wannan sauri, ɗan kuskuren da ido ba ya gani kan zama babban al'amari.

Daga sarƙa zuwa sanda

Motocin farko da sarƙa ko bel suke tafiya, kamar dai keke. Bafaranshen nan Louis Renault na cikin waɗanda suka fara amfani da sanda a maimakon sarƙa, a ƙaramar motar da ya haɗa a 1898.

Matsalar sanda ita ce ba ta lanƙwasa, alhali kuwa akwatin giya da akwatin baya ba sa zama a kan layi ɗaya, kuma kowannensu na motsi idan mota na tafiya. Maganin wannan shi ne gaɓar nan mai hannu huɗu da makanikai ke kira kuros. Turawa na danganta ta da masanin Italiya Gerolamo Cardano na ƙarni na 16, da kuma Robert Hooke na Ingila wanda ya nazarci motsinta a ƙarni na 17. Clarence Spicer na Amurka ne ya yi rajistar samfurin da ya dace da mota a 1903.

Hooke ya lura da wani abu da har yau yake damun makanikai. Idan kuros na aiki a karkace, ɓangaren da ake juyawa ba ya tafiya da sauri iri ɗaya: yana ƙara sauri yana ragewa har sau biyu a kowane zagaye. Gwargwadon karkatar, gwargwadon wannan tangal-tangal. Shi ya sa a farfela mai kuros biyu ake saita su ta yadda na biyu zai soke abin da na farko ya haifar, kuma hakan ba ya yiwuwa sai kunnuwansu suna kallon wuri ɗaya, karkatarsu kuma ta zo kusan daidai. Ƙa'idar da masu ƙera kuros ke bayarwa ita ce kada karkatar ta wuce digiri uku a motar da ke gudu, kuma kada bambancin gaba da baya ya wuce digiri ɗaya.

Me ya sa aka raba ta gida biyu?

Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin Marsandi 190 zai ga cewa farfelarta kashi biyu ce. A gaba, inda ta haɗu da akwatin giya, akwai wani faifan roba mai kauri wanda aka saƙa zare a cikinsa, an ɗaure shi da ƙusoshi shida: uku na riƙe da akwatin giya, uku na riƙe da farfela. Akwai irinsa a baya. A tsakiya kuma akwai kuros guda ɗaya, da boris da ke zaune cikin zoben roba wanda aka ɗaure a jikin mota, da kuma wasu haƙora masu shiga cikin juna da ke ba farfelar damar ƙara tsawo ko ragewa kaɗan.

Jamusawa na kiran faifan robar da sunan Hardy, wasu kuma na ce masa giubo, daga sunan injiniyan Italiya Antonio Boschi. Aikinsa shi ne shanye fizgar inji da rage ƙara, kafin su kai ga haƙoran giya da kuma kunnen fasinja.

Dalilin raba farfelar gida biyu kuwa shi ne ginshiƙin wannan batu baki ɗaya. Kowace sanda mai juyawa tana da wani geji na sauri wanda idan ta kai shi sai ta fara lanƙwasa daga tsakiya tana lilo, kamar igiyar da yara ke tsallake. Idan aka ci gaba da matsa mata a wannan geji, karyewa za ta yi.

Abu biyu ne suka fi tasiri a kan wannan geji: kaurin bututun da kuma tsawonsa. Ƙarin kauri na ɗaga gejin. Tsawo kuwa yana saukar da shi fiye da yadda ake zato, domin idan aka ninka tsawon sau biyu, gejin kan faɗo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Alal misali, bututun ƙarfe mai kaurin milimita 76 da tsawon mita ɗaya, a lissafi zai kai juyi kimanin 12,500 a minti kafin ya fara lilo. Idan aka ƙara tsawonsa zuwa mita ɗaya da rabi, gejin zai sauko zuwa kimanin 5,600, wanda bai wuce juyin da motar ke buƙata a gudun kilomita 200 da wani abin kirki ba. A zahiri ma farfela kan fara lilo kafin ta kai lissafin takarda, saboda gaɓoɓinta da maɗaurinta ba su da taurin da lissafin ya ɗauka.

Motar da aka ƙera don ta yi kilomita 230 a kan manyan hanyoyin Jamus, ba za a ba ta doguwar sanda siririya guda ɗaya ba. Gajeru biyu da boris a tsakiya sun fi aminci. Wannan tsari ne kamfanin BMW shi ma ya bi a motar M3 ta 1986, babbar abokiyar hamayyar Marsandin a gasar tseren motoci ta Jamus.

Alamomin gajiya

Ba kasafai bututun kansa ke lalacewa ba, sai dai idan ya bugi dutse ko tsatsa ta ci shi. Abin da shekaru ke cinyewa shi ne roba da giris.

Faifan roba idan ya tsufa yakan tsattsage a kewayen ƙusoshi, zaren cikinsa ya fara leƙowa. Direba zai riƙa jin wani bugu a ƙarƙashinsa duk lokacin da ya taka totur ko ya ɗaga ƙafa. Robar boris na tsakiya idan ta saki, farfelar kan riƙa dukan ƙasan mota a tsakanin kujerun gaba da na baya, musamman lokacin tashi daga tsaye. Boris ɗin kansa idan ya bushe sai ya riƙa gurnani, gurnanin kuma yana ƙaruwa da gudun mota. Kuros da ya fara mutuwa kan fitar da jan gari na tsatsa a bakin murafensa, kuma idan aka sauke farfelar aka motsa shi da hannu za a ji yana cijewa a wani wuri.

Sau da yawa akan ɗora wa tayoyi laifin girgizar farfela, a yi ta kai su awo babu canji. Akwai hanyar rarrabewa. Girgizar taya jijjiga ce da ake ji a sitiyari ko a kujera. Ta farfela kuwa ta ninka ta sauri kimanin sau uku, don haka ta fi kama da kurɗi ko ruri, har madubin cikin mota kan yi dishi-dishi. Haka kuma idan direba ya kai gudun da ake jin girgizar a hanyar da babu cunkoso, sannan ya take kuloci juyin inji ya sauka amma girgizar ta ci gaba, to ba daga inji take ba.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a duba robobin da inji da akwatin giya ke zaune a kansu. Idan sun kwanta, akwatin giya kan sunkuya, karkatar farfela ta canza. Wanda ya sa sabon faifai bai sauya waɗannan ba, ba da jimawa ba zai sake komawa gareji.

Yadda ake sauyawa

Aikin ba ya buƙatar na'ura mai tsada, amma yana buƙatar natsuwa da bin ƙa'ida.

Abu na farko shi ne tsaron rai. Ba a shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Sai dai a kan rami, ko na'urar ɗaga mota, ko ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka. Kazalika da zarar an kwance farfela, giya ba ta ƙara riƙe motar, ko da an bar ta a giyar farko. Dole a sa waigi a tayoyin da ke ƙasa.

Abu na biyu, wanda aka fi yin sakaci da shi, shi ne sa alama. A masana'anta ana daidaita nauyin kashi biyun ne a haɗe, a kan na'ura, sannan a liƙa 'yan ƙananan faranti a jikin bututun inda ake buƙata. Idan aka zare su aka mayar da haƙoran a wani gurbi dabam, wannan daidaito ya tafi. Saboda haka kafin a taɓa komai sai a ja layi da fenti ko a buga alama a kan kashi biyun, da kuma inda kowane kai ya haɗu da akwatin giya da akwatin baya.

Domin a ga girman lamarin: rarar nauyi na giram 10 kacal a gefe ɗaya na bututun, a juyi 3,200 yana fizgar farfela da ƙarfin da ya kai nauyin kilo huɗu da rabi. A juyi 5,400 kuwa fizgar kan kai kilo 13, kuma tana sauya alkibla sau 90 a daƙiƙa. Babu boris ko robar da za ta daɗe a haka.

Daga nan sai a sauke abin da ya tare hanya, wato salansa da farantin da ke kare zafinta, a tallafe akwatin giya, a sassauta babban notin da ke matse haƙoran tsakiya domin farfelar ta tsuke, sannan a kwance ƙusoshin faifan gaba da na baya da na boris. A riƙe farfelar da kyau, kada a bar ta ta rataya a kan kuros.

Idan ta sauka, hikima ita ce a sauya duk abin da ke tsufa a lokaci guda: faifai biyu, boris da robarsa, rigar robar da ke hana ƙura shiga haƙora, da kuma 'yan ƙananan hannayen riga da ke cikin kowane kai na farfelar. Waɗannan na ƙarshe su ne ke riƙe ta a tsakiya cif, kuma idan suka ci, sabon faifai ba zai hana girgiza ba.

Kuros ɗin Marsandi da na BMW na wancan zamani an danne su ne a cikin kunnuwansu, ba a yi su don a riƙa cirewa ba. Idan ya lalace, ko dai a sayi wata farfelar, ko a kai wa masu sana'ar gyaran farfela su sa sabo, su kuma sake daidaita nauyinta a kan na'ura.

Wajen mayarwa, a bi alamomin da aka sa. A duba fuskar faifan, domin wasu suna da gaba da baya. A sa sabbin notoci masu kulle kansu, a kuma ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi gwargwadon yadda littafin motar ya tanada. A Marsandi, ba a ƙarasa ɗaure boris na tsakiya da babban notin sai an sauke motar a kan tayoyinta an tura ta gaba da baya, domin farfelar ta nemi tsawonta da kanta. A BMW kuwa ana ɗan tura boris ɗin gaba 'yan milimita kafin a ɗaure. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba a yi wa kowace mota kuɗin goro.

Alminiyum, kabon, ko a bar wa ƙarfe?

Wanda ya bi tallace-tallacen kayan motoci a intanet zai ga ana yabon farfela mai kashi ɗaya ta alminiyum ko ta zaren kabon. Yawancin wannan yabo daga Amurka ya samo asali, daga masu motoci irin su Ford Mustang ta 1979 zuwa 1993. Ita wannan mota tun daga masana'anta farfelarta kashi ɗaya ce ta ƙarfe, mai kuros gaba da baya, saboda haka cire ta a sa ta alminiyum aiki ne na ƙusoshi huɗu. A Marsandi lamarin ba haka yake ba. Sai an cire boris na tsakiya, an yi watsi da faifan roba, an kuma ƙera maɗauri na musamman a kowane kai.

Akwai kuma wani abu da masu talla ba su cika faɗa ba. Nauyin alminiyum kashi ɗaya ne cikin uku na ƙarfe, amma taurinsa wajen lanƙwasa shi ma kashi ɗaya ne cikin uku. Don haka bututu biyu masu kauri ɗaya da tsawo ɗaya, ɗaya na ƙarfe ɗaya na alminiyum, kusan a wuri ɗaya za su fara lilo. Ribar alminiyum ita ce ana iya ƙara masa kauri ba tare da ya yi nauyi ba. Amma kauri na buƙatar fili, kuma ramin da farfela ke bi a ƙarƙashin 190 an yi shi ne daidai da siririn bututu, ga kuma salansa da wayoyin birkin hannu a kusa.

Zaren kabon shi ne ya fita daban, domin ya haɗa tauri da rashin nauyi, gejinsa kuma ya ɗara na sauran. Kamfanin Nissan ya yi amfani da shi a motar 350Z ta 2002, Mazda a RX-8 ta 2003, BMW kuma a M3 da M4 na 2014. Bugu da ƙari idan ya karye yakan tarwatse ne ya zama zare-zare kamar tsintsiya, maimakon ya zama gungumen ƙarfe mai dukan ƙasan mota. Sai dai yana da tsada, ba ya son zafin salansa, kuma bugun dutse ɗaya kan iya yi masa lahanin da ba a gani daga waje. Ba a kuma yi masa walda. Shi kansa kamfanin BMW ya koma amfani da ƙarfe a yawancin waɗannan motoci daga ƙarshen 2017, saboda bututun kabon ya fi kauri, ana kuma buƙatar filin don sa matatar hayaƙi.

Ya kamata a sani cewa farfela marar nauyi ba ta ƙara wa inji ƙarfin doki ko ɗaya. Tana ɗan rage nauyin da inji ke juyawa, amma da yake bututun siriri ne, bambancin bai kai yadda ake zuzutawa ba. Abin da ake rasawa kuwa a fili yake: idan babu faifan roba, duk fizgar inji kai tsaye za ta riƙa sauka a kan haƙoran giya da na akwatin baya, ƙara kuma ta shigo cikin mota. Garin neman ƙiba sai a samo rama.

Yaushe ne sauyin ke da amfani?

Akwai yanayin da farfelar asali ba ta wadatarwa. Idan aka ƙara wa inji ƙarfi sosai, ko aka sa wani injin dabam mai girma, faifan roba na asali ba zai jure ba. Idan aka sauya akwatin giya da wani mai tsawo dabam, dole a ƙera farfela daidai da sabon tsawon. Idan aka sauya haƙoran akwatin baya domin motar ta riƙa tashi da sauri, farfela za ta riƙa juyawa fiye da dā a kowane gudu, kuma ta matso kusa da gejinta. Haka nan motar da aka keɓe don tsere, mai tayoyi masu kama ƙasa, tana dukan farfela fiye da motar titi.

Ko a nan ma akwai matsakaiciyar hanya. Ana iya barin tsarin kashi biyu, a sa manyan faifai irin na motocin kamfanin masu manyan injuna tare da maɗaurinsu, a sa kuros mai ƙarfi, a sake daidaita nauyi. Idan kuwa lallai sai mai kashi ɗaya, to mai ƙerawa yana buƙatar sanin abu huɗu: tsawon da aka auna motar na tsaye a kan tayoyinta, ƙarfin injin, girman tayoyi da haƙoran baya, da kuma gudun ƙarshe da za a yi. Wanda bai tambayi waɗannan ba, bai lissafa gejin ba.

Hatsarin ba na wasa ba ne. A Amurka an sami masu Mustang ta 2011 mai silinda shida da suka cire na'urar da kamfani ya sa don taƙaita gudun motar a kusan kilomita 180, farfela kuma ta tarwatse musu suna cikin gudu. Mafi muni shi ne idan ta karye daga gaba: kan da ya faɗo zai iya cakar kwalta ya ɗaga bayan motar, ko ya fasa bututun birki da na mai. Saboda haka ne hukumar tseren gajeren zango ta Amurka, NHRA, ta wajabta wa motoci masu sauri sa zoben ƙarfe da zai kewaye farfela, a tazarar da ba ta wuce inci shida daga kuros na gaba ba. Zoben ba ya taɓa farfelar, yana nan ne kawai don ya tare ta ranar da ta karye.

Darasi ga garejinmu

Samfurin mai bawul 16 ba shi da yawa a Afirka ta Yamma, amma tsarin farfelarsa ɗaya ne da na sauran Marsandi 190 da kuma wadda ake kira V-boot, waɗanda aka yi ta shigowa da su ta tashar Kwatano. A kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ana samun farfela ta hannu, kuma sau da yawa ta fi sabuwa marar asali kyau. Amma ita ma robarta ta tsufa kamar wadda aka cire, kuma idan mai sayarwa ya haɗa gaban wata da bayan wata, daidaiton nauyinta ya riga ya ɓaci. Tsawonta ma yakan bambanta tsakanin mota mai giyar hannu da mai sauya giya da kanta.

Abin da ya fi jawo matsala shi ne yanke farfela a yi mata walda a ƙasa da awon ido, bayan an sauya inji ko akwatin giya. Motar za ta tashi, za ta kuma yi tafiya lafiya a cikin gari, domin a ƙaramin gudu fizgar ba ta da yawa. Amma fizgar na ninkawa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu, don haka abin da ba a ji ba a kilomita 60 shi ne zai bayyana a kilomita 120 a kan babbar hanya, da iyali a cikin mota. Idan yankewar ta zama dole, a yi ta a kan injin sassaƙa ƙarfe, a auna miƙewarta da agogon awo, a kuma daidaita nauyinta.

Zafi da ƙura su ma suna rage wa roba kwana, haka ma baƙin mai da ke ɗiga daga akwatin giya a kan faifan gaba. Leƙa faifan da robar boris a duk lokacin da aka shiga rami don juyen mai ba ya cin minti biyar.

Ga mai motar da injinta ke nan yadda aka ƙera shi, amsar tambayar farko a bayyane take: sabbin faifai masu kyau, sabon boris, alama kafin kwancewa, da ɗauri bisa ƙa'ida. Farfelar da injiniyoyin Stuttgart suka zana an yi ta ne don gudun da ba kowane direba ne zai taɓa kaiwa ba, kuma idan aka mayar da ita yadda take, za ta ci gaba da aikinta shiru na wasu shekaru masu yawa. Alminiyum da kabon na da ranarsu, amma sai motar ta canza ta yadda lissafin farko ya daina aiki, kuma sai an sake yin lissafin daga tushe.